Tsohon baƙin keken da na saya a Sabon Gari, da mai shagon da ya sayar mini

Mata da yawa suna tambayata a WhatsApp da wane keke nake ɗinka jakunkunan da nake sakawa a sitatus, wasu ma sun ɗauka babban keken teloli ne mai amfani da lantarki. A'a. Baƙin keke ne mai taka ƙafa, irin wanda muka tashi muka gani a ɗakunan iyayenmu, kuma tsoho na saye shi. Zan faɗi abin da na gani a tare da shi da kuma shagon da na samo shi, mai daɗi da marar daɗi, don wadda take cikin hali irin nawa ta san abin da za ta tarar kafin ta ƙulle 'yan kuɗinta ta nufi kasuwa.

Yarana uku, na tsakiyan yana da sikila. A da maigidana yana aiki ne a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 abubuwa suka fara cuɗe mana. Litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Ba a jima ba kamfanin ya rage ma'aikata, sunansa yana ciki. Yanzu buga-buga yake yi a kasuwa, wata rana a samu, wata rana a yi haƙuri. Ni kuwa na iya ɗinki tun ina gida, a wurin wata maƙwabciyarmu na koya, amma aure da goyo suka sa na ajiye. Da abin ya matsa sai na fara karɓo ƙyallayen atamfa a wurin telolin unguwa, ina haɗa su ina yin jakar Islamiyya, jakar kayan jariri ta zuwa asibiti, rigar filo da 'yan ƙananan jakunkuna na zuba kuɗi. A keken aro nake yi, kuma kowa ya san halin aro: lokacin da kika samu sarari mai shi tana kai, lokacin da ta tashi ke kuma yaro ya farka.

Da na kwashi adashi muka tafi Sabon Gari da maigida, layin masu kekuna. Shagon ƙarami ne, cike da kawunan keke har kusa da rufi, ƙafafuwan ƙarfe a jingine a waje. Mai shi dattijo ne, hannunsa duk man keke. Ni a raina farin keken nan na roba nake so, mai lantarki, mai yin zigzag da ramin maɓalli, don shi nake gani a bidiyo. Da na nuna shi, bai ɗauko ba. Sai ya tambaye ni me nake ɗinkawa, ya wuta take a unguwarmu, akwai ƙananan yara a ɗakin? Da na ba shi amsa ya ce, "'Yata, wannan farin yana da kyau a hannun mai wuta. Ke kin ce sai ku wuni ku kwana ba ku ganta ba. In na sayar miki da shi, ado za ki kai ɗaki."

Ya sauko da wani baƙin kai wanda har sunan jikinsa ya goge, ya ɗora a kan ƙafa, ya ninka wani tsohon wandon jins sau huɗu ya tura. Keken ya wuce a kai ba tare da ya tsallake ɗinki ba. Sannan ya tashi ya ce in zauna in gwada da kaina. A nan ya koya mini yadda ake duba tsohon keke, kuma wannan darasin kaɗai ya isa in yaba masa. Ki juya tayar da hannu a hankali ki saurara, in kin ji wani wuri yana cijewa ko yana ƙwanƙwasa, akwai magana. Ki kama sandar da allura take jiki ki girgiza, kada ta yi rawa. Ki duba haƙoran da ke jan ƙyalle ko sun cinye. Ki yi ɗinki ki juya bayansa, domin a ƙasa matsala take ɓuya, saman yana iya fita tsaf alhali ƙasan duk zare ya cukurkuɗe. Ƙafar ƙarfen kuma ki bi ta da ido ki nemi inda aka yi walda. Ya kuma gaya mini abin da daga baya na tabbatar: yawancin baƙaƙen kekunan nan, da Butterfly da sauran 'yan uwansa, a kan tsarin tsohon Singer aka ƙera su, shi ya sa ƙoshiya da ƙwarƙwaro da allura na wannan suke shiga wancan. Duk inda ake sayar da kayan ɗinki a Kano za ki samu abin gyaransa, ba sai an aika Legas ba.

Kuɗina bai kai ba. Ya karɓi abin da muka zo da shi, wajen kashi biyu cikin uku, ya ce ragowar mu riƙa turowa duk mako. Bai ɓoye mana ba cewa farashin biya a hankali ya ɗara na kuɗi hannu, ya faɗi bambancin a gaban maigida, muka amince. Ba sadaka ya yi mana ba, ciniki ne, kuma na fi son haka. Inda na san dattijo ne shi ne lokacin da aka kwantar da yarona a asibiti cikin hunturu, biya ya tsaya. Maigida ya kira shi yana neman uzuri, kafin ya gama magana ya ce, "Subhanallahi. Ku ji da yaro tukuna, Allah Ya ba shi lafiya." Bai ƙara ko sisi a kan bashin ba. Bayan an sallame mu da ɗan lokaci ya kira ya tuna mana, cikin mutunci, kuma hakkinsa ne.

Yanzu batun keken kansa. Abin da ya sa ya dace da ni ba ƙarfinsa ba ne kawai, yadda lokacina yake ne. Uwar mai sikila ba ta da awa uku a jere da za ta ce nata ne. Ina samun ɗan lokaci bayan sallar asuba kafin a fara shirin makaranta, ina samun wani da hantsi in autar ta yi barci, sai kuma bayan isha. A tsakani akwai girki, wanki, bibiyar yaron nan ya sha ruwa, don rashin isasshen ruwa a jiki yana cikin abin da ke tayar masa da ciwo, haka ma sanyi da zazzaɓin cizon sauro. Da keken lantarki ne, sai lokacina ya haɗu da lokacin wuta kafin in yi ɗinki ɗaya, kuma sau nawa suke haɗuwa? Janareta kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, tunda a ƙarshen 2024 lita ta wuce naira 1,000, ribar jaka nawa za ta saya? Wannan kuwa duk sanda na samu minti goma zan zauna in ɗora ƙafa. In an kira ni in ɗaga ƙafa, ya tsaya cak, allura a cikin ƙyalle, in na dawo in ci gaba daga inda na tsaya.

Daren da ciwo ya tashi ba a maganar ɗinki. Yana farawa ne da shiru, yaron da ke surutu sai ki ga ya lafe yana riƙe da ƙwaurinsa. In dafa ruwa, in jiƙa tawul in gasa masa, in ba shi maganin da likita ya ce a fara da shi, in riƙa lallaɓarsa yana kurɓar ruwa. In zazzaɓi ya shigo ko numfashi ya canza, ba jira, sai asibiti ko ƙarfe nawa ne. In kuwa Allah Ya sa ya lafa ya samu barci, ni barcin ba ya zuwa. A irin wannan daren nakan jawo fitila mai caji in ɗora a kan teburin keken, in yi ta yanka da jera ƙyallaye, in yi ɗinki kaɗan-kaɗan ina juya tayar da hannu don kada ƙara ta tashe shi. Da yawa daga cikin jakunkunan da aka fi yabawa a irin wannan lokacin aka haɗa launinsu.

Tunda na zo nan bari in yi wa 'yan mata magana ɗaya. Ni da maigida dukkanmu AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila a jini amma ba mu da ciwon, ba mu sani ba sai da aka gwada yaron. In biyu masu AS suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu kawai ba, kowane ciki lissafinsa daban. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a Kano, har da na rukunin jini irin wannan. Ku yi shi tun kafin a kai kuɗi, tun zuciya ba ta yi nisa ba. Ɗana kyauta ce daga Allah, ba na haɗa shi da komai, amma na san abin da yake ji a ƙashinsa.

Kula da keken ba wuya, kuma wannan ma riba ce ga wadda ba ta iya fita duk sanda ta so. Mai nake ɗiga masa a ramukan da dattijon ya nuna mini, man keke na gaske, ba man gyaɗa ba, don shi daskarewa yake ya kama ƙarfe. Atamfa tana zubar da gashi sosai, sai in kwance farantin da ke ƙarƙashin allura in share da tsohon buroshin haƙori. Duk sanda ya fara tsallake ɗinki, kafin in zargi komai allura nake fara canzawa, kuma yawanci a nan maganar take ƙarewa. Lamba 14 nake sa wa atamfa zalla, 16 in akwai shafi da soso, 18 ga hannun jaka. Bel ɗin fata yana saki in ya kwana biyu, sai a cire ƙugiyar, a yanke ɗan guntu, a huda a mayar. Da kaina nake yi yanzu.

To amma yana da iyaka, kuma gara ki sani tun yanzu. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Babu zigzag, babu wibin (ɗinkin da ke kama bakin ƙyalle kada ya warware), babu ramin maɓalli. A jaka ina ɓoye bakin ƙyalle a cikin shafi, to ba damuwa, amma rigar filo da kayan yara sai na tara na aika wa mai wibin a bakin titi, kuɗi ne da jira. Wurin da hannun jaka ya haɗu da jiki, inda atamfa da soso da shafi da igiya suke taruwa, nan yakan yi gardama. Dole in bar takawa in bi da hannu ɗinki ɗaya-ɗaya, in na yi gaggawa allura ta karye. Fata mai kauri kuwa kada ma ki fara, ba aikinsa ba ne, ki kai wa masu yin takalmi da jaka a Ƙofar Wambai.

Sauri ma ba shi da shi. An taɓa kawo mini aikin jakunkunan rabo na biki masu yawa, kuɗin da zai rufe mana ƙofofi da dama, amma da na auna kwanakin da ƙafata da halin gidana sai na karɓi rabi na haɗa su da wata. Ya yi mini ciwo a rai. Haka in azumi ya shiga ana neman jakunkunan Sallah na yara, ƙugu da gwiwa suna faɗa mini. Kujerar da kike zama tana da muhimmanci ƙwarai, in ta yi ƙasa bayanki ne zai biya. Kuma yana da ƙara. A gidan haya muke, bango ɗaya da maƙwabta, sai na shimfiɗa tsohon kafet a ƙarƙashin ƙafafun ya rage girgiza, in dare ya yi nisa kuma ba na takawa.

Ga mai ƙaramin yaro akwai abin da ya fi duk waɗannan. Babbar tayar ƙasa daidai tsayin mai rarrafe take, kuma juyawarta tana jan hankalinsu. Yatsa tsakanin bel da taya ba ƙaramin rauni ba ne. Ni duk sanda zan tashi, ko ruwa zan ɗebo, sai na zame bel ɗin daga taya, in na gama aikin ranar in cire allura in rufe kan da zani. Almakashi da allurai da reza suna cikin gwangwani a saman kwaba. Wannan ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne ko sau ɗaya.

Daga baya na koma shagon na sayi 'yar motar nan ta lantarki da ake ɗaura wa keke. Gaskiya ba ta biya ni yadda na zata ba. In an kawo wuta tana sauƙaƙa dogon ɗinki kamar na zanin gado, amma a jaka, inda ake yawan kwana da tsayawa, ƙafata ta fi ta iya sarrafa keken. Abin takawarta yana ɗaukar zafi in an daɗe, kuma tana ƙara ƙara. Shi kansa dattijon ya ce in dakata da ita, ni na nace. Wadda kuɗinta ƙalilan ne, ta sa su a zif da shafi da zare mai kyau, ta bar motar sai gaba.

Shagon ma ba zan rufa masa asiri a inda ya gaza ba. Teburin da aka haɗo mini da shi ruwa ya taɓa shi a baya, gefe ɗaya ya kumbura yana kama ƙyalle, kuma ba a nuna mini ba, sai a gida na gani. Aljihun tebur ɗaya ba ya rufuwa. Allurai da ya ba ni gyara ba su da inganci, suna lanƙwashewa. Ya yi alkawarin in keken ya samu matsala a farkon watanni zai turo yaronsa gida kyauta, ya kuma cika, amma yaron ya sa mini rana ya saɓa, ranar da ya zo kuma bai zo da cikakkun kayan aiki ba, sai da ya sake dawowa. Ga mace mai aikin mutane a hannu, wannan jiran yana da tsada. Rasit kuma sai da maigida ya nema aka rubuta. Wurin zama babu, in kin je da goyo a tsaye za ki gama cinikin, ga turereniyar masu kura da 'yan dako. Da na koma na yi masa maganar teburin bai musa ba, ya ce, "Gaskiyarki ce, Hajiya, a yi haƙuri," ya sa aka goge gefen aka shafa masa fenti. Ya rage, bai warke duka ba.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka keke ya fitar da mu daga hali. Bai biya kuɗin haya ba. Abin da yake yi shi ne, maganin yaron nan na kullum, folik asid da na rigakafin zazzaɓi, bai ƙara yankewa ba tun da na fara cire wani abu daga kuɗin kowace jaka ina jefawa a asusu na daban. Kuɗin adaidaita zuwa asibiti da tsakar dare ba sai mun buga ƙofar kowa ba. Kuɗin Islamiyya yana fita, wata rana har cefane. Kuɗin kafin alƙalami da masu aiki suke bayarwa kuwa ba na taɓa shi sai na sayi kayan aikinsu, don ranar da kika ci shi a asibiti, kin shiga bashi biyu. In ciwo ya tsayar da ni, ina aika wa mai kaya saƙo tun kafin ranar alkawari in gaya mata gaskiya, in ce in tana sauri ga kuɗinta. Mafi yawa addu'a suke yi su ce za su jira. Akwai wadda ta karɓi kuɗinta ba ta sake dawowa ba, ban kuma ga laifinta ba, biki ba ya jiran kowa.

Aikin ya zama na gida duka. Maigida ne yake biyawa Ƙofar Wambai ya sayo zif da soso da ƙarafan hannun jaka, shi yake kai saƙon Kaduna da Katsina tasha. Da farko abin yana yi masa nauyi, namijin da ya saba shi yake kawowa. Ina lura da hakan, shi ya sa lissafin tare muke yi, ba na ƙirga kuɗi a gaban yara. 'Yar farina ita take zura mini zare in ido ya gaji, ita take yanke zarurruka da ɗaukar hoto a tsakar gida da safe lokacin da haske yake da kyau. Amma na yi wa kaina iyaka: ba ta taɓa aiki sai ta gama na makaranta, kuma ba zan ɗora mata talla ba ko me za a samu. Yarinyar da take ganin ana kwana a kan ƙaninta ta riga ta ɗauki kaya isasshe.

Wadda take da shago da wuta tsayayya da aiki mai yawa, ta tara ta sayi babban keken teloli, wannan zai ɓata mata lokaci. Wadda kuma take cikin ɗaki da yara, wuta sai an ga dama, jarin bai taka kara ya karya ba, to tsohon baƙin keke mai lafiya zai yi mata aiki shekaru. In za ki je, ki tafi da safe kafin kasuwa ta cika, ki tafi da ƙyallenki da irin soson da kike aiki da shi, ki ɗinka mafi kaurin abin da kika san za ki ɗinka a gida, a gaban mai shagon. Ki shafa teburin da tafin hannu ta ko'ina, ki ja kowane aljihu. In biya a hankali ne, a rubuta jimilla da abin da za a riƙa bayarwa, kowa ya riƙe takarda. Ni yanzu tsohon injin wibin nake tara wa kuɗi, kuma wurin dattijon nan zan koma, sai dai allurata a wani wuri zan saya.